Kurakuran da ake yi wajen ɗanɗana farar giyar alkama ta Beljiyam

Wannan rubutun na masu aiki a otal da mashaya ne da kuma masu shan giya, wanda addininsa ya hana shi ba da shi nake ba. Magana ce akan witbier, giyar alkama ta ƙasar Beljiyam, wadda kullum ake yanke mata hukunci da ma'aunin da ba nata ba, kuma abin yana damuna gaskiya.

Tun daga ido ake fara kuskure. Mutum ya saba da irin su Star da Heineken masu garau, sai a zuba masa Hoegaarden, wata sananniyar witbier, yaga tayi hazo-hazo fari-fari, nan take yace ta lalace. Ba abinda ya same ta, haka ake son ta. Kusan rabin hatsin da ake dafa ta da shi ɗanyar alkama ce da ba a tsirar ba, sauran tsiron sha'ir, kuma ba a tace ta, shiyasa furotin ɗin alkamar da yis suke yawo a ciki. In ta fito garau ma a nan ne zaka rage mata maki. Wajen zubawa ka zuba kashi biyu cikin uku, ka ɗan jujjuya kwalbar kamar yadda ake yiwa kunun aya in ya kwanta, sannan ka juye sauran, in ba haka ba ka bar rabin daɗin a gindin kwalba.

Sai sanyi. Wasu sai ta kusa ƙanƙara suke buɗewa, toh hanci ba zai ji komai ba. Digiri 4 zuwa 7 ya isa, kuma ka sake shinshinawa bayan minti biyar sabida ƙamshin yana buɗewa ne tana ɗan hucewa. Kofin ma a duba shi kafin a zargi giyar, in akwai maiƙo ko sauran sabulu a jiki kumfar nan mai kauri zata mutu kana kallo.

Inda aka fi ɓata lissafi shi ne kayan ƙamshi. Abu biyu ake sawa, 'ya'yan koriyanda da busasshen ɓawon lemo mai ɗaci irin na tsibirin Curaçao, sai mutane su ɗauka wadda ta fi bugun hanci ita tafi kyau. A'a fa. Garin Hoegaarden da ke gabas da Brussels ya rasa gidan giyarsa na ƙarshe, na Tomsin, a 1957, sai wani mai sayar da madara Pierre Celis da ya taɓa taya su aiki ya dawo da ita a 1966, kuma abinda ya dawo da shi giya ce mara nauyi mai kashe ƙishi, barasarta wajen kashi 5 cikin 100, ba turare ba. Koriyanda mai kyau ƙamshin lemo-lemo yake bayarwa da ɗan yaji a ƙasa, in yayi yawa ko ya tsufa sai kaji kamar sabulu ko ganyen seleri, wani lokacin har warin naman gwangwani, wannan aibi ne ka rubuta shi. Ɓawon lemon ma in ɗacinsa ya maƙale a maƙogwaro an wuce gona da iri, ita ɗacinta kaɗan ne, 8 zuwa 20 a ma'aunin ɗacin giya na IBU. Ɗan tsami-tsami a ƙarshe kuma ba laifi bane, in dai bai kai na binega ba.

Akwai masu neman ƙamshin ayaba da kanumfari su rasa su ce ba ta cika ba, wannan na hefeweizen ne, giyar alkama ta Jamus, yis ɗinsu daban. Yankan lemon da ake maƙalawa a bakin kofi kuma giyar Blue Moon ta Amurka ce ta yaɗa shi, wadda ta fito a 1995, in kana alƙalanci ka cire shi don yana rufe aibi.

Ka duba kwanan wata a jikin kwalba, giyar nan bata son daɗewa. Wadda ta sha zafin hanya kafin ta iso Abuja ko Jos sau da yawa zaka ji ta salam da warin jiƙaƙƙen kwali, laifin ajiya ne ba na mai dafawa ba, sai ka nemi sabuwa kafin ka ce komai. Ɗanɗanon man shanu kuwa daga wajen dafawa yake, yis bai gama aikinsa ba.

A takardar maki ta BJCP, ƙungiyar da ke tantance alƙalan gasar giya, jimilla 50 ne, ƙamshi 12, ɗanɗano 20, yadda take a baki 5, ra'ayin gaba ɗaya 10, kamanni 3 kacal. Don haka kar ka tsaya dogon musu akan kala, ka shinshina tukuna tun kumfa bata faɗi ba, ka kurɓa ka haɗiye don ɗaci a ƙarshe yake fitowa, ka kuskure baki da ruwa kafin kofi na gaba, kuma ka rubuta naka kafin kaji abinda na kusa da kai zai ce.