Kurakuran da ke cinye mana kuɗin wuta a gida da shago a Kumasi

A unguwannin Aboabo da Asawase, da zarar kuɗin mita ya ƙare kafin lokacin da aka saba, sai maigida ya hau yara da faɗa: wa ya bar caja a jikin soket, wa ya bar fitilar bayi a kunne? Faɗan yana da amfaninsa, amma yawanci ba nan gizo ke saƙar ba. Cajar waya ba ta cin abin a zo a gani. Abin da ke shanye kuɗi shi ne duk na'urar da ke samar da zafi ko sanyi: firij, firiza, dutsen guga, hita, na'urar sanyaya ɗaki. Kuskuren farko ke nan, a bar jaki ana dukan taiki.

Lissafin ba wuya. Yunit ɗaya da ECG, kamfanin wutar lantarki na Ghana, ke sayar maka shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Dutsen guga mai wat 1,000 ya cinye yunit guda cikin awa. Don haka kafin ka zargi kowa, ka juya bayan kayanka ka karanta yawan wat ɗin da aka rubuta, ka ninka da awannin da suke yi a kunne.

Firij ne ya fi damuna, domin shi kaɗai ne ba ya barci. Mutanenmu suna son tsohon firij na hannu saboda arha, suna cewa ƙarfen zamanin da shi ya fi ƙarko. Arhar ta ranar saye ce kawai. Gwamnatin Ghana ta hana shigo da tsofaffin firij tun 2013 saboda yadda suke zuƙar wuta, kuma sababbi suna zuwa da takarda rawaya mai taurari ta Hukumar Makamashi. Yawan taurari, ƙarancin ci. A jikin takardar ma an rubuta yunit nawa zai ci a shekara, kuma wannan lambar ce ya kamata ka kwatanta a shago, ba kyan fenti ba.

Ina da goggo da ke sayar da sobolo (zoɓo) da burkina (haɗin gero da nono) da ruwan leda. Kullum kukanta ribar tana tafiya wurin mita. Da na duba firizarta, sai na tarar an manna ta da bango a lungun da rana ke duka, ƙanƙara ta yi kauri a ciki kamar dutse, robar murfi kuma ta saki. Na ce mata, "Goggo, ai wannan firizar taku ba ta hutawa, sanyin fita yake yi ta baki." Ta ce, "To ɗan nan, ni ina na sani?" Gwajin da na nuna mata kowa zai iya: ka sa takarda a bakin murfi ka rufe, in ta zare ba tare da tirjiya ba, robar ta mutu, a canza ta. Muka janye firizar daga bango don iska ta ratsa bayanta, muka kashe ta ƙanƙarar ta narke, aka goge ƙurar da ta taru a baya. Na kuma roƙe ta ta daina sa sobolo da ɗuminsa, ta bar shi ya huce tukuna. Akwai masu kashe firij da dare wai don tsimi. Abin da za a samu kaɗan ne, domin da safe injin zai daɗe yana aiki kafin ya dawo da sanyin, ga nama da kifi da madara suna iya lalacewa.

A shaguna da ofisoshi kuwa, musamman wajen Adum, na'urar sanyaya ɗaki ce babbar matsala. Za ka ga an sa ta a digiri 16, ƙofa a buɗe, ana sanyaya titi. Saukar da lambar ba ya sa ɗakin ya yi sanyi da sauri, sai dai ya hana injin tsayawa. A bar ta a 24 ko 25, a kunna fanka tare da ita, a rufe ƙofa da taga. Matsakaiciyar na'ura tana jan sama da wat 1,000, fankar sama kuwa ba ta kai 100 ba. Sannan ragar da ke tace iska a cikinta tana toshewa, balle lokacin ƙurar hunturu. Cire ta da wanke ta da ruwa aikin minti kaɗan ne.

Wani kuskuren a wajen gini ake yin sa. A yi rufin kwano ba silin, a yi taga ɗaya ƙarama, sannan a zo ana neman na'ura ta kori zafin da ginin da kansa ya tara. Silin, taga biyu masu fuskantar juna, labule ko rumfa a ɓangaren da ranar yamma ke duka, duk kuɗi ne da ake kashewa sau ɗaya.

Maganar ƙwan fitila gajeriya ce. Tsohon ƙwai mai wat 60 in ya yi awa 10 kullum, yunit 18 ne a wata. Na LED mai wat 9 yana ba da haske kusan ɗaya da yunit ƙasa da 3. Guga kuma a tara a yi ta lokaci guda, ba riga ɗaya kowace safiya ba.

Saura abin da ya fi haɗa maƙwabta faɗa a zango: gidan haya mai ɗakuna da yawa a kan mita ɗaya. Hukumar PURC da ke tsara farashi ta ware rangwame ga masu ƙaramin amfani, kuma farashin yunit yana hawa in amfani ya yi yawa. Idan iyalai takwas suka haɗu a mita guda, ana lissafa su kamar gida ɗaya mai cin wuta sosai. Tsohuwar da ba ta da komai sai ƙwai ɗaya da rediyo ta rasa rangwamenta, ga shi ana raba kuɗi daidai da mai firiza biyu. Wannan zalunci ne ko da ba a yi niyya ba. Mafita ita ce masu haya su zauna da mai gida su nemi mita daban daga ECG. Kafin ta samu, a riƙa raba kuɗin bisa kayan da ke ɗakin kowa, a rubuta a takarda kowa ya gani. Jan waya ta bayan mita kuwa laifi ne a doka, kuma irin wannan haɗin na gaggawa yana haddasa gobara a gidajen da ke manne da juna kamar namu.