Kafin ka kwashi iyali ka kai su ƙauyen masu kuɗi a bayan Landan

Wannan watan kaɗai mutum uku suka turo min hoton gida daga Rightmove, shafin neman gidaje na Ingila, wai Yaya duba min garin nan, kuma duka irin abu ɗaya ne, gida mai ɗan lambu a baya, tsohuwar coci, fili kore shar, a ƙasa an rubuta minti 25 zuwa Landan. Na san abin da yake jan ku don nima shi ya ja ni har na kwashi madam da yara biyu muka tare a wani ƙauye a yankin Hertfordshire da ke arewa da Landan, toh bari in rubuta sau ɗaya in huta da maimaita magana a waya ƙarfe goman dare.

A ƙasar nan ƙauye ba na talaka ba ne. Mu a gida in mutum ya samu sai ya shigo birni ya yi gini a Nasarawa GRA, su kuwa in sun samu ficewa suke daga Landan su koma irin su Harpenden, Beaconsfield, Gerrards Cross ko Sevenoaks, da safe su hau jirgin ƙasa su tafi aiki. Tsadar ma da dalilinta, filayen da suka kewaye Landan da ake kira Green Belt doka ta taƙaita gini a cikinsu, gidaje ba sa ƙaruwa masu nema kuma kullum ƙaruwa suke. Kai da ka sauka wata biyu da suka wuce da waɗannan mutanen za ka yi takarar gida.

Maganar jirgi ba zan ja ta ba don lissafi ne kawai. Garin St Albans zuwa tashar St Pancras ta Landan kamar minti 20 a jirgin Thameslink, garin Woking zuwa tashar Waterloo ta Landan kamar 25, amma wannan daga tasha zuwa tasha ne, ka ƙara tafiya daga gida da kuɗin ajiye mota a tasha da jirgin ƙarƙashin ƙasa in ka isa. Tikitin shekara dubban fam ne, ka ɗora shi a kan haya kafin ka ce gida ya yi araha. In kwana biyu kake shiga ofis a sati akwai tikitin kwana 8 cikin 28. Shi kenan.

Inda na sha wuya shi ne wajen masu gida da ejan ɗinsu, kuma wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Da farko za su duba kana da izinin kama haya, tun 2016 doka ce a Ingila, za ka ciro lamba a shafin gwamnati ka ba su, wannan ba komai. Sai binciken kuɗi. Yawancinsu suna so albashinka na shekara ya kai ninki 30 na hayar wata, wato gidan fam 1,800 sai kana ɗaukar 54,000, kuma ko ka kai za su ce ba su ga tarihin bashinka a ƙasar ba, ka ji fa, rashin cin bashi ya zama laifi. Daga nan sai a ce ka kawo garanto, wato mai tsaya maka ya biya in ka kasa, wanda yake zaune a ƙasar, sau da yawa ma sai mai gidan kansa, albashinsa ya kai ninki 36. Waye za ka samu kana baƙo? Gida uku na rasa a haka, in je kallo in tarar da mutum takwas a ƙofa, ejan ta yi min murmushi har kunne ta ce za ta kira, shiru kake ji malam ya ci shirwa. A na huɗu aka ce toh in ba garanto in biya wata shida a dunƙule. A nan ne na san darajar mutanenmu, wani dattijo ɗan Zariya da sau biyu kacal muka haɗu a wajen suna ya sa aka ba ni kwasar farko a adashensu, ko takarda bai ce in rubuta ba, Allah ya saka masa da alheri. Mu Hausawan nan ba mu da yawa amma ba ma barin namu a titi, wannan kam ina alfahari da shi. Dokar masu haya ta 2025 ta zo da hana karɓar fiye da wata ɗaya gaba, amma kar ka yi saurin murna, ma'anarta ƙofar da irinmu muke bi da kuɗi ta rufe, garanto ya ƙara zama dole, ka fara nemansa tun kafin ka fara kallon hotuna.

Da na samu gidan sai na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Tsohon gini ne mai kyau a hoto, ban tambayi da me ake ɗumama shi ba, na ga wani koren tanki a lambu na zaci na ruwa ne, ashe na mai ne, ƙauyen ba bututun gas. Tsakiyar Disamba hita ta mutu, tanki ƙaf, masu kawo mai suka ce ƙasa da lita 500 ba sa fitowa kuma sai bayan kwanaki, muka haɗu mu huɗu a ɗaki ɗaya da bargo da ƙaramar hitar lantarki, ƙaramin yana tari duk dare. Bayan nan na janye wadrob na ga bango ya yi baƙi ƙirin da fumfuna. Na kira mai gida ya ce laifinmu ne ba ma buɗe taga kuma girkinmu tururi ya yi yawa, a waya muka yi maganar ba ni da shaidar komai. Ranar tashi suka zaftare kusan rabin difozit, wato kuɗin ajiyar da ake bayarwa lokacin shiga, wai saboda fumfuna, kafet, da tabon manja a jikin bangon kicin, manjan dai namu ne ban musa ba, sauran kuwa haka muka tarar amma takardar kayan gida da suka ba ni ranar shiga ko karantawa ban yi ba na sa hannu don ɗoki.

Don haka dan Allah ku riƙe wannan. Difozit bai wuce hayar sati biyar ba in hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba, kuɗin kama gida kafin sa hannu bai wuce sati ɗaya ba, dokar 2019 ce, kuma dole mai gida ya ajiye difozit ɗin a ɗaya daga cikin hukumomi uku da aka amince da su cikin kwana 30, in rigima ta taso su suke raba gardama kyauta, amma da hoto suke aiki ba da rantsuwa ba. Ranar da aka ba ka mukulli kafin ka shigo da ko tsinke ka ɗauki hoton komai har cikin oben da bayan labule, duk ƙorafi ka tura a imel. Ka nemi takardar ɗumin gida, A zuwa G ce, A ta fi kyau, in ka ga E ka san aljihunka zai ji a jika. Harajin kansul, wanda ƙaramar hukuma ke karɓa a kan gida, shi ma rukuni ne A zuwa H, a irin garuruwan nan da wuya ka samu na ƙasa, kuma ba ya cikin haya.

Sai makaranta, wadda saboda ita yawancinku kuke son garuruwan. Zama a gari mai makaranta mai kyau ba shi ne samun gurbi ba, nisan ƙofarka da makaranta ake aunawa, wani lokacin layi ɗaya ne tsakanin wanda ya samu da wanda ya rasa. Firamare ana rufe nema 15 ga Janairu a faɗi sakamako 16 ga Afrilu, sakandare 31 ga Oktoba. Mu a tsakiyar shekara muka zo, makarantar da nake hangowa ta tagar kicin ta cika, aka ba babbar ɗiyata gurbi a wani ƙauyen daban, bas kuma sai a hankali. Lasisin tuƙinmu na Najeriya wata 12 kawai yake aiki daga zuwanka kuma ba a musanya shi, sai ka sake jarabawa daga farko, madam ta faɗi sau biyu, ni ina Landan tun asuba. Sannan da yawan makarantun ƙauye na cocin Ingila ne, ba su da matsala da yaranmu gaskiya, kana da haƙƙin cire yaro daga zaman addu'arsu, abincin rana kuma sai dai ka zaɓar masa marar nama. In bizarka an rubuta ba ka da haƙƙin tallafin gwamnati, kar ka sa rai da kuɗin yara ko awa 30 na reno, awa 15 na ƴan shekara uku da huɗu dai kowa yana samu.

Abin da maza ba ma lissafawa shi ne wunin matar. Kai ka fita ka ga mutane, ita tana gida da yaro, ƙarfe huɗu a Disamba duhu ya yi, ba mai sallama ba mai aiko yaro aron maggi. Maƙwabtan mutanen kirki ne za su ɗaga maka hannu su ce yanayi ya yi kyau yau, iyakarta kenan. Nama sai mu tuƙa har Bury Park a Luton mu ciko firiza, azumin farko mu kaɗai muka yi ta buɗa-baki kamar marayu, wata rana na dawo na tarar da ita a zaune a matattakala ko fitila ba ta kunna ba, a ranar na fara neman wani gidan.

Abin da yake ba ni haushi da sababbin zuwa, ka ce wa mutum duba High Wycombe sai ya yatsine fuska shi Beaconsfield yake so, alhali layin jirgi ɗaya ne zuwa tashar Marylebone ta Landan, duka a Buckinghamshire suke inda yara ke rubuta jarabawar 11+ ta shiga makarantun ƴan baiwa na gwamnati, ga masallatai ga mahauta ga haya da sauƙi. Woking ma haka, can ne masallacin Shah Jahan yake tun 1889, Guildford na kusa in kyan gari kake so ka je yawo ranar Asabar. Amma a'a, so ake a turo hoto gida a ce wane yana unguwar Turawa zalla. In dai ka nace, ka ɗauki madam ku je garin ranar Talata da yamma a watan Nuwamba, ku taka daga tasha zuwa gidan da keken yaro, ita ta yanke hukunci.

Na ukun cikin masu turo min hoto ashe har ya biya kuɗin kama gida kafin ya tambaye ni. Na ce masa tambayi ejan gas ne ko mai, kuma makarantar kusa akwai gurbi a ajin ɗiyarka? Yau kwana huɗu ya buɗe saƙon bai ba ni amsa ba.