Kurakuran da ke cinye mana tumatir tun kafin ya kai kasuwa

Jama'a barkanmu da war haka. A nan Sudan, daga Mai Wurno har Sinnar da Madani babu gidan da tukunyar miya za ta hau wuta ba tumatir, ga salatar dakwa kuma, wato kwaɗon tumatir da niƙaƙƙiyar gyaɗa, shi ya sa in ya yi tsada a bazara kowa sai ya ji a aljihunsa. Amma yawancin asarar da muke ɗora wa iri ko maganin feshi wlh tun daga lokacin shuka da ban ruwa take farowa.

A ƙasar nan tumatir ɗan hunturu ne. Mutum zai ga kuɗin da aka samu a bazara sai kwaɗayi ya ja shi ya yi dashe a watan 2, fure ya zo masa daidai watan 4 lokacin da rana ke wuce digiri 40, alhali zafi na haura 35 furen zubewa yake ba ya ɗaure ɗa. Ka yi reno a watan 9 ko 10, bayan sati 4 zuwa 6 ka dasa, da yamma ba da tsakar rana ba, ka bi shi da ruwa nan take.

Ruwa kuwa nan ne babbar matsalar. Baƙar ƙasar nan tamu ta yankin Jazira laka ce, tana riƙe ruwa sosai, in ta bushe kuma ta dare har ka zura hannu a tsagar. To sai ka ga mutum ya bar gona ta bushe ƙarau saboda man injin ya yi tsada ko ruwa bai zo a jadawal ba, ranar da ya samu kuma ya cika ta taf har ruwa ya hau kan kunya ya kwana a gindin shuka. Bayan 'yan kwanaki ka ɗaga ɗan tumatir ka ga ƙasansa ya yi baƙi ya loɓa kamar an ɗosa masa garwashi, wasu kuma sun tsage. Nan da nan a ruga a sayo magani, kuma ba cuta ba ce malam, sinadarin kalsiyam ne bai isa ga ɗan ba saboda ruwan yau akwai gobe babu. Ka dasa a kafaɗar kunya, ka riƙa ba shi daidai-daidai a kan kari, kar ka bari ya kwanta.

Sai farin ƙuda. In ka ga ganyen sama ya ƙanƙance ya nannaɗe gefensa ya yi rawaya shukar ta tsugune ta ƙi girma, cutar da farin ƙuda ke ɗaukowa ce kuma ba ta da magani, tuge ta kawai ka fitar daga gonar. Rigakafin yana wajen reno, ka rufe gadon da raga mai ƙananan ido, kar kuma ka yi shi kusa da auduga ko tsohuwar gonar tumatir da aka bari ba a share ba.

Tsutsar Tuta absoluta, wadda 'yan uwanmu na Kano ke ce wa sharon, asalinta daga Kudancin Amurka, cikin ganye take shiga ta yi ta ci, ka ɗaga ganyen a rana za ka hango ta a ciki. Kuskuren shi ne maimaita magani ɗaya har ta saba da shi. Canza sunan kwalba ba shi ne ba, sinadarin da ke ciki za ka duba ka canza. Kuma dan Allah a daina feshi yau a tsinka gobe, mutane ɗanye suke ci, kwanakin jira suna rubuce a jikin kwalbar.

Takin yuriya ma in ya yi yawa ganye za ka noma, ka haɗa da takin dabbobi da ya ruɓe sosai. Irin haibirid, wato wanda aka samar ta haɗa iri biyu, ba a cire iri daga 'ya'yansa, abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba. Kar ka maimaita tumatir inda ka cire tumatir ko gauta ko barkono ko dankalin turawa, danginsu ɗaya cutarsu ɗaya.

In kuma kowa ya tsinka lokaci guda kasuwa ta faɗi, kar ka zubar. Yanka shi ka shanya a kan tabarma ko buhu mai tsabta, ba a ƙasa ba yashi ya shiga, ya bushe sarai sannan ka ɗura a buhu, kauɗar nan ita za a nema a watan 6 da 7.