Komawa karatun masta bayan aikin karkara

Shekara takwas ina yawon ƙauyuka a kan babur kafin na koma Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke Maraɗi neman masta. In kana da wannan niyya, fara da takardu. Shaidar lisans (digirin farko) da sakamakon kowace shekara, a buga musu hatimi tun kafin a buɗe rajista. Ni sakaci ya sa na yi sahu biyu.

Batun bincike kuwa, kada ka je nesa. Nawa daga gonakin ƙauyen Dan Saga na jihar Maraɗi ya fito, inda manoma ke barin kututturen kalgo da sabara su toho, su rage rassan kawai. Littafin da nake ƙirga itatuwa a ciki, duk ya sha ƙura da man babur, shi ya zama rabin kundina.

Uwargida kuma, gaya mata lissafin kuɗin tun da wuri.