Yadda Za a Zaɓi Tsakanin Allura da Ƙwaya a Maganin Taɓin Hankali

A fara da duba ko mara lafiya yana shan ƙwayarsa kullum, domin yawan mantuwa ko barin magani da zarar an ji sauƙi shi ke dawo da ciwon. Idan ana samun ƙwayoyi ɓoye ƙarƙashin matashi, a gani na gara a tuntuɓi likita kan allura mai daɗewa a jiki, kamar haloperidol decanoate da ake yi a tsoka duk mako 4.

Sai dai maganin allurar ba ya fita daga jiki da wuri. Idan ta jawo sandarewar wuya ko karkarwar hannu, sai an ɗauki makonni kafin abin ya lafa, shi ya sa likitoci kan fara gwada ƙwayar tukuna. Ita ƙwaya ana iya rage ta nan take. A rubuta ranar allura ta gaba, kuma a nemi yardar mara lafiyar.