Gem yana maƙale maka a laftop? Duba waɗannan kafin ka ce a yi fomatin

Tun da aka yi hutu yara suke sintiri a shagona na caji nan bakin kasuwa, kowa da laftop a hammata kuma kukan iri ɗaya ne, yaya dan Allah duba min, PES ɗina maƙalewa yake, ɗan wasa zai ɗaga ƙafa sai ya tsaya cak kamar an ɗauke shi hoto, kafin ya dawo hayyacinsa an zura min. Kuma duk sun gama yanke hukunci tun daga gida wai bairos ne a yi musu fomatin. Wlh da wuya ka samu wanda bairos ne damuwarsa. Wani har ya shirya kuɗin mota daga nan Ringim zuwa Kano akan abin da za mu gyara muna zaune a benci.

Laftop ɗin da muke siyowa na hannu a Beirut Road ko Farm Centre, su HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad, yawancinsu na aikin ofis ne, ba su da katin girafik nasu na daban. Abin da yake zana maka hoton yana cikin furosesa ne a manne, wato ƙwaƙwalwar laftop ɗin, shi ne za ka ga an rubuta Intel HD 4000 a na wajen 2012, ko HD 520 a na 2015, ko UHD 620 daga 2017, in na AMD ne kuma ka ga Vega. Toh shi wannan girafik ɗin ba shi da rumbunsa, akushi ɗaya suke ci da furosesa. Ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da ake ɗora aikin da ake kai, ɗaya suke rabawa, wuta ɗaya, fanka ɗaya ke musu fifita. Duk abin da ya taɓa ɗaya a cikin ukun nan sai ka gani a gem, dan haka gyaran ma a nan yake.

Ka fara sanin FPS ɗinka, wato hoto nawa take iya zanawa a daƙiƙa ɗaya. A Windows 10 ko 11 ka danna Windows da G tare, akwai ɗan akwati da yake nunawa. 60 sumul kenan, 30 ana buguwa lafiya, in ya yi ƙasa da 20 shi ne wannan tafiyar hawainiyar. Ka riƙe lambar a kai, duk abin da ka canza ka dawo ka duba, kar ka canza abu biyar lokaci ɗaya ka rasa wanne ne ya yi aiki.

Abu na farko caja. Mu nan da wuta sai ta ga dama, rabin wasanmu a batir muke yi, ita kuma laftop da ka zare caja take rage wa kanta ƙarfi dan batir ya daɗe. Ba lalacewa ba ce, haka aka yi ta. Jona ta, sannan a Windows 10 ka danna alamar batir a ƙasa ka ja abin zuwa Best performance, a 11 kuma yana cikin Settings wajen Power. Sai maganar ita cajar kanta, a nan mutane da yawa suke faɗawa rami. Laftop mai son wat 65 ka ba ta cajar wat 45, ko ka siyo jabu mara nauyi kamar kwalin ashana. Cajar Dell da ta HP masu zagayen kai akwai ɗan siririn tsinke a tsakiya, ta nan laftop take gane cajar, in ya karye ko cajar ba ta gaske ba ce wasu sai su daure furosesa gaba ɗaya. Danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager zai buɗe, shiga Performance ka kalli Speed ana cikin gem. In ka ga ya kafe a wajen 0.79 GHz ko ƙasa ba ya motsi, ari cajar wani mai kyau ka gwada kafin komai. Haka in ƙaramin janareta ne yana hawa yana sauka, za ka ga hasken sikirin yana ƙaruwa yana raguwa, gem ɗin ma haka zai dinga yi.

Na biyu zafi, kuma alamarsa ba ta ɓuya: ka kunna gem minti goma na farko lafiya lau, daga nan sai ta fara haki, fanka tana kuka kamar injin markaɗe, hoto ya fara tsinkewa. Furosesa in ya doshi digiri 95 zuwa 100 da kansa yake taka birki dan kar ya ƙone. Yanzu ka haɗa da watan Afirilu a ɗakin kwano, waje ma ya haura digiri 40, ga ka ɗora ta akan katifa ko bargo ka toshe mata hanci ta ƙasa, haba malam ina za ta kai. Ɗora ta akan tebur ko kujerar katako, ka saka murfin gora biyu a ƙasanta ta baya iska ta dinga wucewa. Sauke HWMonitor, ƙarami ne ba ya cin data, zai nuna maka zafin.

In an wuce hunturu ba a buɗe ta ba toh ka tabbata ƙura ta yi dambu a bakin fanka, na sha ciro wani abu kamar audugar katifa a tsakanin fanka da ƙarfen da iska ke fita. Kashe ta, cire caja da batir, kwance murfin ƙasa, ka samu tsohon burushin haƙori busasshe ka kakkaɓe, in za ka hura ka riƙe fankar da yatsa kar ta dinga juyawa. Sannan akwai wani man toka-toka da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen jan zafi, na tsohuwar laftop ya riga ya bushe ya zama kamar alli, a goge a sa sabo ɗan kaɗan kamar ƙwayar dawa. In hannunka bai saba da kwance noti ba ka kai wa mai gyara, wayoyin ciki sirara ne. Kuma dan Allah banda jiƙa tsumma a ɗora mata, na ga wanda ya yi.

Sai direba, wato manhajar da take sa Windows ta iya aiki da girafik ɗin. Wannan yana faruwa ne daidai bayan fomatin ɗin da kuke so ɗin, an sa sabon Windows an miƙo maka ba a sa direban girafik ba. Danna dama akan Start, shiga Device Manager, buɗe Display adapters. In ka ga Microsoft Basic Display Adapter maimakon sunan Intel ko AMD, toh girafik ɗinka barci yake, furosesa ne yake ta jan kayan shi kaɗai. Duba lambar samfurin laftop ɗin a ƙasanta ka nemo direban a wajen kamfanin da ya ƙera ta ko wajen Intel. Yana da ɗan nauyi, ɗaruruwan MB ne, gara ka bari sai dare ko ranar da ka shiga gari inda sabis yake da ƙarfi, ka ajiye shi a filash saboda gaba.

Yanzu ga wanda ni a wajena ya fi komai, in dai za ka kashe kuɗi a nan za ka kashe. Ram. Ba yawansa kaɗai ba, guda nawa ne a ciki. Ka ɗauka rijiya ce mutum biyu suna jiran ruwa amma guga ɗaya, komai cikar rijiyar sai an yi layi. Ram ɗaya guga ɗaya ne, ram biyu guga biyu. A lissafi ram nau'in DDR3 mai gudun 1600 yana wuce da GB 12.8 a daƙiƙa in shi kaɗai ne, in biyu ne 25.6. DDR4 mai 2400 kuma 19.2 ne, biyu 38.4. Mai katin girafik na daban wannan bai dame shi sosai ba tunda katin yana da nasa, amma mu da girafik ɗinmu yake aro, bambancin a ido ake ganinsa. Shi ya sa 4 da 4 ya fi 8 guda ɗaya a wajen gem, kuma masu siyarwa yawanci guda ɗaya suke sakawa su bar ɗaya ramin a buɗe. Koma Task Manager, Performance, Memory, ka duba Slots used, in ka ga 1 of 2 toh ka yi sa'a akwai wajen ƙari. Kafin ka siya ka karanta takardar da ke jikin naka, PC3 daban, PC3L daban (su biyun DDR3 ne), PC4 daban (shi ne DDR4), DDR4 ba ya shiga ramin DDR3, kuma akwai laftop ɗin da sai PC3L mai ƙaramar wuta suke karɓa. Ka nemi mai girma ɗaya da naka, kuma ka tafi da laftop ɗin a saka a gabanka, ka buɗe manhajar CPU-Z wajen Memory ka ga ya nuna Dual ko 2 x 64-bit sannan ka biya. Wasu siraran laftop nasu a like yake da allon ciki ba ƙari, wannan sai haƙuri. Mai 4 GB kacal kuwa, Windows ta cinye fiye da rabi kafin gem ya samu.

Za ka ga bidiyoyi a YouTube wai ƙara VRAM, wato ram ɗin girafik, daga 128 MB zuwa 2 GB ta BIOS ko Registry. Lamba kawai kake canzawa. Windows da kanta tana ara wa girafik har kusan rabin ram ɗinka in ya buƙata. Amfaninsa ɗaya, wani tsohon gem da yake ƙin buɗewa dan ya ga lambar ta yi kaɗan. Su Game Booster ma haka, abin da suke yi kai ma za ka iya, rufe Chrome, cire antibairos na biyu in biyu ka saka, kashe tarkacen da ke tashi da kansu a Startup, ka kuma duba ko Windows Update yana aiki a ɓoye yana shanye maka data da ƙarfi a tare.

Cikin gem ɗin kuma risolushan ne babba. 1920 a 1080 ɗigo 2,073,600 ne za a zana a kowane hoto, 1280 a 720 kuma 921,600, bai kai rabi ba. A sikirin ɗin inci 14 wlh bayan wasa ɗaya idonka ya saba. Na PES ba a ciki ake canzawa ba, cikin foldar gem ɗin akwai Settings, nan za ka mayar da shi 720 da Low. Inuwa ka kai ta ƙasa, Anti-aliasing a kashe, V-Sync ma gwada kashewa dan a wasu gem in ba ka kai 60 ba sai ya jefa ka 30 kai tsaye. GTA V ka gwada DirectX 10 komai a Normal. Sai facin nan na PES da ake tura muku a filash, mai sabbin riguna da fuskoki da filaye da ciyawa, shi kansa kaya ne, ƙanena sai da muka cire filayen da ciyawar muka bar masa riguna da sunayen 'yan wasa sannan aka zauna lafiya.

SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri da ake sawa a madadin hadis, yana da kyau, buɗewa za ta yi sauri kuma wannan ɗan tsayawar in kana gudu da mota a cikin gari zai ragu, amma kar wani ya ce maka zai ninka FPS, ba aikinsa ba ne. In kuɗin abu ɗaya gare ka, ram na biyu tukuna.

HD 4000 in an yi mata duk wannan za ta riƙe maka PES 2013 da San Andreas da Most Wanted na 2005 ba gardama, UHD 620 mai ram biyu za ta lallaɓa GTA V a 720. In kuma kai sabon FC (wanda a da ake ce wa FIFA) ka dage sai ka buga a kanta, toh riƙe kuɗin ram ɗinka, gidan gem na bayan tasha suna da PS4, sai dai ka je da wuri kafin 'yan makaranta su taso.