Yadda na warware rikicin gawa mai tafiya a teburinmu

A wasanmu na Dungeons & Dragons, bugun 2014 (wasan labari ne da ake yi a tebur da dayis, kowa yana taka rawar wani jarumi, ni kuma ina jagorantar wasan), ɗaya daga cikin 'yan wasa ya zaɓi ya taka rawar gawa mai tafiya daga wani littafin ƙarin dokoki. Littafin ya ce ana warkar da shi kamar kowa, alhali babban littafin dokokin wasan ya ce sihirin warkar da rauni ba ya aiki a kan matattu masu tafiya. Gardama ta kaure har aka ajiye dayis.

Wannan bai ba ni wuya ba, don babban littafin da kansa ya ce keɓaɓɓiyar doka tana rinjayar ta gama-gari. Sai na ce a warkar da shi.

Matsala ta biyu ce ta ci mini lokaci. Akwai wani iko a wasan na korar matattu masu tafiya, wanda yake iya kama duk gawar da ta ga mai yin sa ko ta ji shi cikin ƙafa 30. Ke nan shi ma mai taka rawar gawar, wanda abokin tafiyar sauran 'yan wasan ne, yana iya rugawa na minti 1 ana tsakar faɗa, abin dariya sau ɗaya, abin haushi daga baya. Na ɗauko tsarin bugun 2024, inda mai ikon ke zaɓar waɗanda zai kora. Na rubuta hukunce-hukuncen biyu a kati, na manna a jikin allon mai jagorar wasa.